Takardar CAC ba lasisin jinya ba ce: amsoshin tambayoyinku kan cibiyoyin gyaran hali a Abuja

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, duk a kan wuraren da ake kai masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Na ɓoye sunaye kamar yadda masu wasiƙun suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 24 ne, tiramadol da wata ƙwayar barci sun fi ƙarfinsa. Mun samu wurare biyu. Ɗaya a Mararaba, kuɗinsa da sauƙi, mai wurin ya nuna mana takardar CAC a bango, amma ya ce babu ziyara sai bayan wata uku. Na biyun a cikin gari, kuɗinsa ya ninka na farko. Mahaifiyarmu ta fi son mai sauƙin. Wanne za mu ɗauka? Daga wata 'yar'uwa a Kubwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alherin tsayuwar da kika yi masa. Takardar da aka nuna muku a bango shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci ko ƙungiya rajista. Irinta mai gidan burodi da mai sayar da taya ke da ita. Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ba ta leƙa ɗakin da za a kwantar da ƙanenki ba, ba ta kuma tambayi wanda zai ba shi magani ina ya yi karatu ba.

Abin da za ki nema shi ne takardar rajistar wurin a matsayin cibiyar lafiya. A cikin Abuja, kwamitin rajista da sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, wanda ake kira PHERMC, shi ke bayar da ita a ƙarƙashin sakatariyar lafiya ta babban birnin tarayya. Sai dai ki lura da wani abu da yawancinmu mazauna Abuja kan manta: Mararaba ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce, don haka takardar wancan wurin daga ma'aikatar lafiya ta jihar Nasarawa ya kamata ta fito. Haka Madalla da Suleja, nasu na jihar Neja ne. Ki duba adireshin da ke jikin takardar ko ya yi daidai da gidan da kike tsaye a ciki, ki kuma duba shekararta.

Bayan nan ki tambayi sunan likitan da ke kula da wurin, da ranakun da yake zuwa, ki ce kina son ganin lasisinsa na bana daga hukumar likitoci ta MDCN, domin duk shekara ake sabunta shi. Kada kunya ta hana ki. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Dalilin da ya sa na dage kan likita shi ne irin abin da ƙanenki ke sha. Wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, in aka yanke masa su rana ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci har rai ya salwanta. A hankali ake rage su, da lissafi, ana auna shi. Shi ma tiramadol barinsa na zuwa da zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da firgici. Wurin da babu likita, abin da suka iya a wannan hali shi ne kulle ƙofa, ko su ɗirka wa yaro allurar kwantar da masu taɓin hankali ba bisa ƙa'ida ba, har wuyansa ya karkace, harshensa ya zazzago, sannan a ce wa iyaye aljanu ne ke fita.

Maganar hana ziyara wata uku ita ta fi tayar mini da hankali. Cibiyoyi na gaskiya kan taƙaita ziyara a kwanakin farko don majiyyaci ya natsu, wannan ba laifi ba ne, amma suna barin dangi su ga ɗakin kwana da banɗaki kafin a biya ko sisi, kuma akwai wanda za a kira a ji halin da ake ciki. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Bayan 'yan makonni aka sake gano irinsa a Daura. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, neman gyara suka je yi, kuma da kuɗinsu. Abin da ya ba wa ɓarnar damar daɗewa shi ne babu mai shiga ya gani.

Yanzu doka tana bayanku. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da ta samo asali tun 1916, zamanin Turawa. Ta hana azabtar da majiyyaci da ɗaure shi da mari, ta ba shi haƙƙin a nemi yardarsa kafin a yi masa magani, kuma kwantar da mutum ba da son ransa ba sai an bi matakan da ta tsara tare da binciken likita. Ƙanenki baligi ne. Kama shi da ƙarti a jefa a mota ba ya cikin abin da doka ta yarda dangi su yi don kansu.

Kada ki ɗauka tsadar wuri na biyu ta wanke shi. Shi ma ki yi masa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ni da zan zaɓa muku, kafin ku biya kowa ku fara kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati, ko na Babban Asibitin Karu, ko Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, likita ya duba shi ya faɗa muku ko kwanciya yake buƙata ko zuwa daga gida ya wadatar. Ki gaya wa Mama addu'a da tofi ba su saɓa da wannan ba, a haɗa su.

TAMBAYA: Na yi shekara 30 ina aikin jinya a sashen masu taɓin hankali, na yi ritaya, giratuti na ya fito. Ina so in buɗe ƙaramar cibiya mai gado goma a Lugbe. Dillali ya samo mini gida yana matsa mini in biya hayar shekara biyu. Wani kuma ya ce zai sayar mini da cibiyarsa da takardunta duka. Wanne ya fi? Daga wani dattijo a Lugbe.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Irinku muke nema a wannan fage. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka taɓa ƙwaya a cikin shekara guda a Najeriya, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Buƙata tana nan, ba sai an yi talla ba.

Amma kada ka biya wannan haya tukuna. Yawancin masu buɗe cibiya da gini suke farawa, su zuba kuɗi a fenti da gadaje, sai masu duba wuri su zo su ce ginin bai dace ba, kuma mai gida ba ya mayar da kuɗin haya. Fara da zuwa ofishin kwamitin nan na PHERMC, ka karɓi jerin sharuɗɗansu a rubuce, ka faɗa musu ainihin abin da kake son yi, domin wurin ba da shawara da rana daban ne da wurin da ake kwantar da mutane a ba su magani. Da wannan takarda a hannu za ka je duba gida. Sannan a Abuja gidan da aka ware don zama ba a mayar da shi asibiti sai da amincewar sashen kula da tsarin gine-gine, kuma yardar mai gida ta shiga cikin yarjejeniyar haya ƙarara, kada ya zo daga baya ya ce bai san abin da za a yi a gidansa ba. Ka zauna da maƙwabta da mai unguwa tun da wuri, don ƙorafinsu kaɗai na iya jawo maka rufewa.

Lasisinka na hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, in ka ci gaba da sabunta shi, ya ba ka damar aikin jinya. Bai ba ka damar tantance cuta da rubuta magungunan taɓin hankali ba, duk da na san idonka ya ga abin da likitoci da yawa ba su gani ba. Dole ka samu likitan ƙwaƙwalwa da zai tsaya wa cibiyar da gaske. A nan ake yin wata ɗabi'a da nake roƙonka ka guje mata: hayar suna. A biya likita wani abu duk wata, a rataye takardarsa, shi kuwa ko hanyar wurin bai sani ba. Ranar da majiyyaci ya sheme da tsakar dare, takarda ba za ta taso ta duba shi ba, kuma kai za a tarar a wurin. Gara ka fara da gado huɗu da likita mai zuwa ranaku sanannu, wanda ke ɗaga waya da dare, da yarjejeniya da asibitin da za ka garzaya da mutum in abu ya ɓaci.

Sayen cibiyar wani kuwa, in ba a yi hattara ba, sayen kifi a ruwa ne. Rajistar cibiyar lafiya tana ɗaure da wurin da aka duba da kuma likitan da aka rubuta sunansa, ba kaya ba ce da ake miƙawa hannu da hannu. In kamfanin ka saya, bashinsa na haraji da albashin ma'aikata da duk ƙarar da ke kansa sun zama naka. Ka sa lauya ya binciki kamfanin a CAC, kai kuma ka je wurin kwamitin da ƙafarka ka ji ko rajistar na raye, ko an taɓa rufe wurin, da abin da za su nema in mai shi ya sauya. In mai sayarwa ya ƙi raka ka can, ka bar cinikin.

Ka ware kuɗi kuma don kabad mai makulli na fayil-fayil. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Hoton majiyyaci kafin da bayan jinya da wasu ke sawa a Facebook don talla, ba tare da yardarsa ba, tona asiri ne da zai iya hana shi aure ko aiki, kuma zai iya kai ka kotu.

TAMBAYA: Ni ke sayo wa wata cibiya magani. Wani ɗan kasuwa yana ba mu a rabin farashi, ba rasiɗi. In karɓa? Daga wani matashi a Gwagwalada.

AMSA: A'a, ƙanena. Magungunan barci da na kashe raɗaɗi masu sa maye suna ƙarƙashin sa idon NAFDAC, kuma ajiye su da rarraba su aikin mai harhaɗa magunguna ne da ke da rajista da hukumar PCN, da littafin da ake rubuta abin da ya shigo da wanda aka ba. In jami'an NDLEA suka same ka da kwalinsu ba takarda, kai za su riƙe, ba ɗan kasuwar ba. Ga kuma jabu: majiyyacin da ya samu sauƙi zai koma gidan jiya, a ce ciwo ne ya tashi, alhali alli ake ba shi. Ka sayo daga dillalin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ajiye kowane rasiɗi. In shugabanninka suka matsa sai na arahar, ka ce su rubuta maka umarnin su sa hannu.