Ina son shiga ƙungiyar samari ta zumunci da taimakon jama'a, me zan duba kafin in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 24, ban daɗe da fara aiki ba. Akwai wata ƙungiyar samari kusa da ni, suna haɗuwa su yi zumunci, lokaci-lokaci kuma su tara kuɗi su taimaki marasa ƙarfi. Abokina ya ce in shigo, har ya kawo mini fom. Ina sha'awa, amma ina tsoron kada in shiga abin da zai cinye mini kuɗi da lokaci, ko in tsinci kaina cikin rigimar da ban san farkonta ba. Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye fom ɗin tukuna, babu inda zai je. Ka ce wa abokin naka kana so ka halarci taro sau biyu ko uku a matsayin baƙo, kuma a ciki har da ranar da za su fita aikin taimako. Duk ƙungiyar da ta san kanta za ta yi maraba da haka, domin ita ma tana so ta ƙare maka kallo kafin ta karɓe ka. Wadda ta matsa sai ka biya yau-yau, ta riga ta ba ka amsar tambayarka.

Fara da sanin irin ƙungiyar. Akwai rassan manyan ƙungiyoyin duniya. Round Table, wadda Louis Marchesi ya kafa a birnin Norwich na Ingila a 1927, ta maza ce zalla, daga shekara 18 zuwa 40 a ƙasashe da dama, a Birtaniya kuwa zuwa 45. JCI, wato Junior Chamber International, ƙungiyar horar da matasa kan shugabanci, tana ɗaukar maza da mata daga 18 zuwa 40. Rotary da Lions manyan ƙungiyoyin taimakon jama'a ne masu ɓangaren matasa: Rotaract ta fito daga Rotary a 1968, Leo kuma daga Lions a 1957. Idan taku reshe ce ta irin waɗannan, za ka tarar da tsarin mulki a rubuce da kuma na sama da za a kai wa ƙara, sai dai wani kaso na kuɗin da kake biya zai riƙa tafiya uwar ƙungiya. Idan kuma samarin wurin ne suka kafa abarsu, ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sanin inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi, amma babu mai tsawata mata daga waje. Ingancinta gaba ɗaya yana hannun waɗanda ke cikinta.

Iyakar shekarun nan da ka gani tana da dalili. Ita ke hana mutum ɗaya ya zauna a kujera har ya mayar da ƙungiya gadon gidansu. Haka ma wa'adi: a JCI da Rotary shekara ɗaya shugaban reshe ke yi ya sauka. Don haka ka tambaya yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, kuma wa ya riƙe shugabanci kafin wannan. Idan tun kafuwa shugaba ɗaya ne da ma'aji ɗaya, ka sa alamar tambaya.

Ranar taro ka zauna a baya ka zuba ido. Sakatare ya kamata ya karanta rahoton taron da ya wuce, a gyara, a amince. Sai ma'aji ya miƙe da takarda a hannu: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga abin da ya rage. Wurin da za ka fi kasa kunne shi ne lokacin da wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, “Ina rasit ɗin fentin da aka saya?” Idan ma'aji ya buɗe fayil ya miƙa masa, aka wuce, to gida lafiya. Idan shugaba ya ɓata rai ya ce “ba ka yarda da mu ba ke nan”, ko aka ce a bari sai an tashi, ka riƙe wannan a ranka fiye da duk jawaban da ka ji.

Maganar kuɗi ce ke kashe yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi, don haka a nan za mu daɗe. Abin da zai fita daga aljihunka kashi uku ne. Akwai kuɗin shiga, sau ɗaya. Akwai kuɗin wata ko na shekara. Sai na uku da ba a rubuta a fom: rigar ƙungiya, tafiya babban taro, tarar makara ko fashi, da karo-karo idan wani abu ya samu ɗan ƙungiya. Wannan na ukun sau da yawa shi ke nauyi. Kada ka tambayi shugaba, ka ja wani mamba da ya shekara biyu gefe ka ce ya lissafa maka duk abin da ya kashe bara. Wannan adadin za ka auna da albashinka.

Sannan ka tambaya: asusu nawa ƙungiya ke da shi? Daidai shi ne biyu. Ɗaya na gudanarwa da zumunci, wanda kuɗin mambobi ke shiga, da shi ake biyan ɗakin taro da duk wani nishaɗi. Ɗaya kuma na taimako, inda gudummawar jama'a ke shiga, kuma ba a taɓa shi sai don abin da aka karɓe shi dominsa. Da zarar an haɗa su a tukunya ɗaya, ba sai wani ya yi niyyar sata ba: yau a ranci kaɗan don walimar ƙarshen shekara da niyyar mayarwa, gobe a manta, jibi wanda ya ba da kuɗin marayu ya zo tambaya a rasa bakin magana.

Asusun ya zama da sunan ƙungiya. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne, matsala ce: yana iya rasuwa, banki na iya riƙe kuɗin saboda bashinsa, ko kuɗin su cakuɗe da nasa. Masu sa hannu su zama uku, kuma kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Ba a sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba don wai ɗaya zai yi tafiya. Idan an karɓi tsabar kuɗi a wurin taro, mutum biyu su ƙirga a nan take, su rubuta, su sa hannu, a kai banki ranar aiki ta gaba. Sau ɗaya a shekara kuma wani wanda ba ya cikin shugabanni ya binciki littafi, ya gwada shi da bayanin asusu daga banki. Duk wannan kariya ce ga ma'aji kafin kowa, domin shi ake fara zargi.

Ka nemi kwafen tsarin mulki ka karanta a gida. Ka duba mutum nawa ne sai sun hallara kafin a yanke shawara, wa ke da ikon amincewa da kashe kuɗi kuma har zuwa nawa, yaya ake dakatar da mamba, ina dukiya za ta tafi idan ƙungiya ta rushe. Ka kuma tambaya ko tana da rajista da hukuma. A ƙasashe da dama ƙungiyar da ba ta da rajista doka ba ta kallon ta a matsayin mai zaman kanta, don haka idan an ci bashi ko an ƙulla kwangila, wanda ya sa hannu ake bi. Sabon shiga mai zumuɗi shi ake yawan miƙa wa biro.

Shi kansa aikin taimakon yana da inda yake karkacewa. Mafi yawa shi ne a yanke abin da mutane ke buƙata ba tare da an tambaye su ba, a yi wa aji fenti alhali rufinsa ne ke yoyo, damina ɗaya ta wanke aikin. Ƙungiya mai hankali takan je ta zauna da masu wurin, ta nemi izini a rubuce, ta karɓi farashi daga masu aiki uku, ta kuma tsayar da wanda zai kula da abin bayan an tafi. Ka lura da abin da ke tafiya kan riguna, alluna da masu ɗaukar hoto. Idan ya kusa kai abin da ya isa hannun mabuƙata, talla ake yi. Jera marasa lafiya ko marayu a ɗauke su hoto a watsa a intanet ba da yardarsu ko ta masu kula da su ba, cin mutunci ne ko da niyya mai kyau aka yi. Tara kuɗi a kan titi kuma a wurare da yawa sai da izinin hukuma. Aikin da ya shafi lafiya, kamar ba da jini ko gwaji, ba a yin sa sai da ma'aikatan asibiti.

Abu ɗaya da samari kan raina: gudummawar ɗan takara dab da zaɓe. Da an karɓa, rabin mambobi sun zama 'yan adawa a cikin ɗakinsu. Ka tambaya ko tsarin mulki ya yi magana a kai.

Game da lokaci, ka ƙiyasta taro ɗaya ko biyu a wata, kowanne kamar awa biyu, sai ƙarin yini guda idan akwai aiki. Idan aikinka na karɓa-karɓa ne, wani lokaci dare wani lokaci rana, ka faɗa tun farko don kada tarar fashi ta taru a kanka.

Idan ka gamsu ka shiga, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. A shekarar farko ka shiga kwamiti ɗaya ka yi aiki da hannunka, kada ka karɓi ma'aji ko sa hannu a banki sai ka ga an rufe lissafin shekara guda a gabanka. Ranar da kuma ka so fita, ka rubuta takarda, ka biya abin da ake bin ka, ka karɓi shaidar an karɓa, idan kuma kana cikin masu sa hannu ka bi har banki ka tabbatar an cire sunanka.