Karatun lissafi a Tek (jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana): ina aikin yake, kuma wace kwamfuta za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni fataucin goro nake yi, a unguwar Aboabo ta Kumasi nake zaune. 'Yata ta gama sakandare, ta ci A1 a lissafin zaɓi, kuma ta kafe ita lissafi za ta karanta a Tek. Ƙannena sun ce asarar kuɗi ce, ƙarshenta alli da allo, gara ta nemi aikin jinya. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka. Kafin komai, a gaya wa ƙannen naka malanta ba abin kunya ba ce, da ba don wani mai alli ba da A1 ɗin nan bai samu ba. Amma zancensu cewa nan kaɗai lissafi ke kai mutum, wannan kam ba haka ba ne.

Bari in ɗauko misali daga rumfarka. Kana da huhun goro hamsin, ga mai saye a Legas, ga wani a Kano, kuɗin mota ya bambanta, kwanakin hanya sun bambanta, kuma kowace rana akwai goron da zai lalace. Huhu nawa za ka tura nan, nawa can, don riba ta fi tsoka? Kai da ka kake lissafa wannan, da gogewar shekaru. Abin da ake koya wa masu karatun lissafin aiki shi ne su mayar da irin wannan tambaya ta zama alƙaluma, su ba kwamfuta ta warware, ko da motocin ɗari biyar ne, garuruwan kuma hamsin. Wani Ba'amurke, George Dantzig, shi ya fito da fitacciyar hanyar warware ta a 1947, kuma har gobe kamfanonin sufuri na cin moriyarta. Haka lissafin yaɗuwar annoba da aka yi ta ambato lokacin korona a 2020: tushensa aikin wasu masana biyu ne, Kermack da McKendrick, tun 1927.

To ina ake ɗaukar masu wannan ilimi? Bankuna, kamfanonin inshora, masu kula da fansho irin su SSNIT, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kamfanonin waya, da duk inda bayanai suka taru ana neman mai karanta su. Sai dai ga inda ba zan yi maka rufa-rufa ba. Mai takardar jinya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ko da za ta daɗe tana jiran a tura ta wurin aiki. Mai digirin lissafi ita za ta nemo tata ƙofar, kuma takardar kaɗai ba ta isa. Wadda ta fito bayan shekara huɗu ta iya rubuta manhaja da Python ko R, ta kuma taɓa zuwa wani kamfani koyon aiki lokacin hutu, ita ake kira. Wadda ta haddace don cin jarrabawa kawai, za ta gama bautar ƙasa ta dawo gida tana jira.

A KNUST akwai digirin lissafi, akwai na ƙididdiga, akwai na lissafin haɗarin inshora. Wannan na ƙarshe ya fi suna a bakin iyaye, amma a sani bayan digirin akwai jarrabawar ƙwararru ta Amurka ko Ingila, ana biya da dala ko fam, kuma tana cin shekaru. Ni dai in an tambaye ni, yarinyar da ke son lissafi don kansa ta ɗauki digirin lissafin, ya fi faɗi, daga baya ta karkata inda ranta ya kwanta. Idan ta fito da sakamako mai kyau, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, AIMS, da aka buɗe a Ghana a 2012 tana ba da digiri na biyu, kuma ita ke ɗaukar nauyin ɗaliban da ta zaɓa. Marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond, wanda ya daɗe yana koyar da lissafi a nan Tek, yana cikin waɗanda suka tsaya har aka kawo ta.

Kada A1 ɗin ya rufe muku ido daga sauran darussa. Darussa shida ake haɗawa wajen ɗaukar ɗalibi, uku na dole da uku na zaɓi, kuma ƙaramar jimilla ita ce mai kyau, tunda A1 ɗaya ake lissafa shi. Sannan ka tambaye ta abu ɗaya: idan tambaya ta gagare ta, rufe littafin take yi ko kwana take a kai? Lissafin jami'a ba na sakandare ba ne, a can hujja ake nema, me ya sa amsar ta zama haka. Idan mai kwana a kai ce, Alhaji, ka sa mata albarka ta tafi.

Tambaya: Yaya, na samu gurbin karatun lissafi a KNUST. Abokaina sun ce sai na sayi sabuwar kwamfuta mai tsada irin ta masu wasan gem. Mahaifiyata koko take sayarwa a Asawase, ita za ta haɗa kuɗin.

Amsa: Ƙanena, kada ka ɗora wa Mama wannan nauyi. Aikin da za a ba ka a shekarun farko bai kai can ba. Tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙwari, irin ThinkPad ko Dell Latitude, mai Core i5 da RAM 8 GB da ma'ajiyar SSD, za ta kai ka har ƙarshe. Idan ka shiga kasuwar Adum don sayen ta, tafi da wanda ya san kan abin. A cire caja a gabanka, a bar ta a kunne minti ashirin ka ga yadda batirin ke sauka, don ka san halin wutarmu. Danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a fuskarta, gwada ramukan USB, sannan a rubuta maka rasit mai lambar kwamfutar da kwanakin da za ka iya mayarwa.

Manhaja kuwa, Python da R kyauta ne. MATLAB na kuɗi ne, amma Octave tana yin yawancin aikinta ba ko sisi. Kalkuleta irin Casio fx-991 da ka yi jarrabawar gama sakandare ta WASSCE da ita ta isa, in dai ba jabu ba ce. Littattafai kada ka sayi ko ɗaya sai malami ya shiga aji ya faɗi wanda zai bi. Abin da ya rage a hannun Mama a ajiye shi don kuɗin ɗaki a Ayeduase ko Kotei da ke kusa da jami'ar, ko kuma na motar haya, trotro, daga Asawase idan daga gida za ka riƙa zuwa.