Kafin ka sayi gida a Yamai, leƙa lakwal ɗin unguwar

Malam, ka tambaya yadda za ka gane ingancin makarantar gwamnati kafin ka biya kuɗin gida. Kada ka tsaya ga bakin dillali, shi kamashonsa yake nema.

Je da kanka ranar karatu, wajen ƙarfe takwas. Leƙa ajin CI, wato ajin farko na firamare: yara nawa ke kan tebur, nawa ke zaune ƙasa? Azuzuwan na siminti ne ko rumfunan zana? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gobarar rumfunan wata lakwal a unguwar Pays Bas a 2021 ta ci yara kusan 20. Duba famfo da ban-ɗaki.

Karɓi kayen wani ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ka gani ko malamin aji na gyarawa da jan biro. In akwai CEG (ƙaramar sakandare) kusa, tambayi darakta sakamakon BEPC, jarrabawar kammala CEG, na bara. Hanyar kuma, tambayi maƙwabta yadda take in ruwan Agusta ya sauka.