Tambayi Baba Hedimasta: Rufin ajin 'ya'yanmu, wa za mu kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni uwa ce, 'ya'yana uku suna firamaren gwamnati ta unguwarmu. Tun daminar bara iska ta yaye rufin aji uku da aji huɗu, har yau a gindin dalbejiya yaran suke ɗaukar darasi, hadari na haɗowa sai a tashe su. Na sami hedimasta, ya ce aikin SUBEB ne. Kansilanmu ya ce ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi. Maigidana kuwa cewa ya yi ai Abuja ce ke gina azuzuwa. Yanzu kuma an ce kowane yaro ya kawo naira 500 kuɗin kwano. Wai mece ce SUBEB ɗin nan, kuma wa za mu kama?

Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su. Cikin mutum ukun nan babu wanda ya yi miki ƙarya. Kowa gutsuren da ya sani ya ba ki, amma hedimasta ya fi su kusa da gaskiya.

SUBEB ita ce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kowace jiha tana da tata, majalisar dokokin jihar ce ke yin dokar kafa ta, gwamna kuma ya naɗa shugabanta da mambobi. Lokacin da na kama aikin koyarwa babu wannan suna. Daga baya aka yi hukumar ilimin firamare da muke kira SPEB, har zuwa sa'ad da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Daga nan SPEB ta rikiɗe ta zama SUBEB. Ni kam ɗan UPE ne, wato tsohon shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka kai ni aji ɗaya, kuma a ajin zana muka fara, saboda haka karatu a gindin bishiya ba baƙona ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce jikokina ma suna yi.

Manufar ilimi a jiha, kwamishina da ma'aikatarsa ke tsara ta. Manhaja kuwa daga hukumar NERDC ta tarayya take zuwa. Aikin SUBEB shi ne abin da ake taɓawa da hannu: gina azuzuwa da gyara su, benci, littattafai, ɗaukar malamai da ƙarin girma da horo, da tura masu duba makarantu. Ƙarfinta ba kaɗan ba ne. Ki tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka sallami sama da 21,000. Ta hannun wannan hukuma aka bi. A kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ƙafa, wato ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda mu malamai ba ma kiransa da komai sai ES.

Maganar kansila: albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, kuma ba ƙaramin gibi yake bari ba. In ya ce babu kuɗi, ban ƙaryata shi ba, ko da yake bandir biyu na kwano bai fi ƙarfin ciyaman mai niyya ba.

Maganar maigidanki ita ce take da ɗan tsawo. A Abuja akwai uwar hukuma, UBEC, wadda doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Amma UBEC ba ta zuwa unguwarku da kafinta. Kuɗin gine-gine ajiye wa kowace jiha take yi da sharaɗi biyu: jiha ta zuba nata kason daidai da na tarayya, naira da naira, sannan SUBEB ta kawo jadawalin ayyukan da za ta yi da kuɗin, makaranta kaza aji kaza, a duba a amince. In gwamna bai zuba nasa ba, kuɗin suna nan kwance a Abuja, shekara ta zo ta wuce. An sha yin haka a jihohi da dama, UBEC da kanta ta sha fitowa tana kokawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to a nan har kwano ba ya ɗauka. Saboda haka abin da ya kamata ku sa a gaba shi ne sunan makarantarku ya shiga wannan jadawali. Makarantar da ba ta ciki, ko ɗan kwangila ya wuce ta ƙofarta kullum ba zai tsaya ba.

Bari in ba ki labarin nawa rufin. Ina hedimasta a wata makarantar ƙauye, guguwar farkon damina ta ɗauke mana rufin azuzuwa biyu, ta kai kwanon har gonar liman. Na rubuta takarda sau uku, duk lokacin da na bibiya sai a ce ba a gan ta ba. Wani tsohon masinja ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai kullum kwafi ɗaya kake kawowa. Kawo biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka tafi da abinka." A karo na huɗu ban ma sa hannu ni kaɗai ba. Dagaci ya sa, liman ya sa, shugabar mata ta dangwala yatsa. Muka liƙa hoton yara zaune a kan buhunan siminti, muka rubuta yawansu aji-aji, maza kaza mata kaza. Ba zan ce miki washegari aka zo ba, sai da muka ƙara cin wata damina. Amma daga ranar ba wanda ya sake ce mini takarda ta ɓata.

Haka za ku yi. Kowace makarantar gwamnati ana so ta kasance da kwamitin SBMC, wato kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa mai unguwa, iyaye maza da mata, malamai, tsofaffin ɗalibai har da wakilan yara. Ki tambayi hedimasta su waye 'yan kwamitin, yaushe rabonsu da zama. In kwamitin a takarda kawai yake, ku tashe shi, ke ma ki shiga, don kujerar mata tana nan. Takardar ta fito da sunan kwamitin, ta bi ta ofishin ES, kwafi ya tafi hedikwatar SUBEB, wani kuma ga ɗan majalisar jiha na mazaɓarku. Shi ku tambaye shi abu ɗaya a bainar jama'a: jiharmu ta zuba kasonta na bana ko ba ta zuba ba? Kada ku bar hedimasta ya yi wannan faɗa shi kaɗai. Ma'aikaci ne, ES ubangidansa ne, in ya cika matsawa sai ya tsinci kansa a makarantar da babur ma ba ya kaiwa.

Sai naira 500. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗi daga ɗalibi, har ta tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. In iyaye ne suka zauna da kansu suka ce za su yi karo-karo kafin gwamnati ta waiwayo, ban ga laifinsu ba, ni ma na taɓa bayarwa. Sharaɗina dai a rubuta wanda ya bayar, a karanta lissafi a gaban taro, kuma kada a kori yaro ko ɗaya don uwarsa ba ta da shi. In an koro ɗaya daga cikin naki, ki riƙe hannunsa ki mayar da shi aji, sannan ki wuce ofishin ES a ranar.