Makomar ƙungiyar wasa bayan rasuwar mai ita

Ka tambaya ko ƙungiyar wasa takan rushe idan mai ita ya rasu. Ba ta rushewa, domin kamfani ce mai rajista, kuma da ita 'yan wasa suka ƙulla kwantiragi, ba da mamacin ba. Hannun jarinsa ne ke komawa ga magada ko amintattun da ya naɗa. Da Vichai Srivaddhanaprabha, mai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City a Ingila, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a 2018, ɗansa Aiyawatt ne ya karɓi ragamar ƙungiyar.

Abin da ya fi damuna shi ne saɓanin magada. Bayan rasuwar Pat Bowlen, mai ƙungiyar wasa ta Denver Broncos a Amurka, a 2019, 'ya'yansa sun kasa daidaitawa kan magaji, har aka sayar da ƙungiyar a 2022 kan dala biliyan 4.65.