Kalar fim ba a LUT take ba

Kai yaro, wai tambayarka ita ce wane LUT, wato shiryayyen fayil ɗin kala da ake ɗora wa hoto, za ka ɗora bidiyonka ya koma kamar fim ɗin turawa? Ku yaran yanzu kenan, komai sai dai a tura muku a WhatsApp ku danna. Toh zan amsa maka, amma don ka taɓo min wani tsohon miki ne.

Maganar firam ba sai na tsaya ba. Fim hoto 24 yake tafiya a sakan, mu nan wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a sakan, saboda haka ka tsaya a 25, shota (tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga) 1/50, in ba haka ba ƙwan fitila ya dinga yi maka ƙyafta ido a hoto. Rana ta yi yawa ka saka ND, gilashin rage haske a gaban kyamara, kar ka taɓa shota. Wanda bai san wannan ba ya koma ɗaukar wayar fitila.

Mikin da na ce maka kuwa, wani alhaji ne ya zo min, furodusa wai, yana son aikinsa ya fito kamar na sinima. Kwana tara muka yi a Jos tsakanin Rayfield da duwatsun Shere cikin sanyin nan na Disamba, ƙarfe biyar na asuba muna kan dutse hannu ya ƙandare, don kawai in samu hasken nan mai laushi kafin rana ta ɗaga. A S-Log3 na ɗauka da Sony, wato log, ɗaukar da ke fitowa ɗanye sai an gyara mata kala daga baya, na buɗe haske ya ɗan fi ƙima saboda fatarmu, don in ka rage wa log haske a kan baƙar fata, ranar gyaran kala za ka ga fuska ta cika da tsaki kamar garin kwaki. Rabin kuɗi ya ba ni, sauran wai sai an gama. Ranar da muka sauko ya ce in zuba masa a hard disk zai nuna wa abokan harka, ni kuma da wautata na zuba. Ka san log ɗanye yadda yake, fari fat kamar hazo, ba kala ba komai. Washegari ya kira yana ta faɗa wai na lalata masa aiki, kyamarata ta mutu, ba zai cika ko sisi ba. Na ce Alhaji ai miya ce ba a kaɗa ba, ka bari in zauna da ita a manhajar gyaran kala ta DaVinci Resolve, ya kashe waya.

Bayan wata biyu na ga aikin a YouTube. Wani yaro ya maka masa LUT ɗin nan mai ruwan lemo da shuɗi, sararin sama duk ya yi layi-layi don hoton 8-bit ne, matakan kalarsa kaɗan ne, ba ya ɗaukar matsa, jarumar ta koma kalar manja. Duk da haka mutane na ta yabon hoton a ƙasa, saboda hasken asuba na nan, kuma sunan yaron aka rubuta a mai ɗaukar hoto. Wallahi har yau in na wuce Rayfield sai raina ya ɓaci.

Abin da suka yaba ɗin shi kake nema. Fitila ta zo daga gefe ko ta baya, ka bar rabin fuska da inuwa, ka janye mutum daga jikin bango, kar farin kaftani ya ƙone don in ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi. Tsakin fim ɗin da kuke so kuwa ɗan kaɗan ake barbaɗawa a ƙarshe.

Gobe ƙarfe biyar ka same ni a shago da tirayfod, kuma ka cajo batiran nan tun yau.