Shin bas ɗin dare tsakanin Mararaba da cikin Abuja zai biya kuɗinsa?

Wani ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Mararaba ya aiko mini da tambaya. Yana da Kosta ɗaya mai cin mutum 30, wadda take jigila da rana tsakanin Mararaba da mahaɗar Berger da ke cikin Abuja. Ya ce duk daren da ya dawo daga cikin gari yakan ga jama'a tsaye a bakin titi a mahaɗar AYA da ke Asokoro har bayan ƙarfe 11 suna neman mota, saboda haka yana so ya karɓi wata Kostar bashi, ya sa ta aikin dare tun daga ƙarfe 9 har wayewar gari. A lissafinsa, zuwa da dawowa na cin lita 10 na fetur, yana sayen lita a kan naira 900, kuɗin mota kuma naira 800 ne. Yana tambaya ko harkar za ta biya.

Alhaji, abin da idonka ya gani gaskiya ne. Abuja gari ne da masu yi masa hidima ba su kwana a cikinsa. Ma'aikatan otal-otal da gidajen abinci na Wuse 2, da masu jinya a asibitocin Garki da Asokoro, da masu gadi, da matafiyan da motarsu ta iso tashar Utako ko Jabi a makare, mafi yawansu gidajensu na Nyanya, Karu, Mararaba, Ado da Masaka. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ɗaukar tasi shata ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Buƙatar tana nan. Amma amsata ita ce kada ka ci bashin mota saboda aikin dare, kuma zan nuna maka dalili da alƙalumanka.

Matsalar farko ita ce fasinjan dare fuska ɗaya yake kallo. Da ƙarfe 10 kowa fita yake yi daga gari, babu mai shiga sai ɗai-ɗai. Motar za ta tafi Mararaba da mutane, ta dawo Berger kusan wayam, kuma man da ta sha a dawowar nan ba wanda zai biya shi sai fasinjan da ka ɗauka a tafiya. Da rana ma akwai wannan, amma masu sauka da hawa a hanya suna rage zafinsa. Da dare kuwa kujerar da ta tashi babu kowa, haka za ta isa.

Mu ɗauka motar za ta yi sawu huɗu a dare. Fetur naira 9,000 kowane sawu, wato 36,000. Sai abin da masu mota da yawa ba su rubutawa saboda ba a ranar ake biyansa ba: taya, baƙin mai, birki, kuloci da tsufan motar kanta. Na ƙiyasta masa 4,000 a kowane sawu, wato 16,000, kuma bakanikenka zai gaya maka ban yi tsanani ba. Direban dare da yaron mota mu ce 12,000, tikitin ƙungiya da sauran 'yan kuɗaɗen hanya 4,000. Jimilla naira 68,000 kafin ka ga sisin riba, wanda ke nufin sai ka ɗauki fasinja 85 a dare a kan naira 800 kafin ka mayar da abin da ka kashe.

To ina mutum 85 ɗin? A ƙiyasina, wanda kai za ka iya gyarawa da ƙirgen idonka, sawun ƙarfe 10 zai samu kamar mutum 25, na sha biyu kamar 12, na ƙarfe 2 da wuya ya wuce 3, sai na asuba mai shiga gari ya kawo kamar 28. Mutum 68 ke nan, naira 54,400, faɗuwar 13,600 kowane dare, kuma ba mu taɓa zancen biyan bashin motar ba. Taron da kake gani a AYA yana cika ido ne saboda mutanen sun taru a lokaci ɗaya. Kosta biyu za su kwashe su, bayan nan titi ya yi tsit.

Idan ka soke sawun ƙarfe 2, ka tsira da 13,000 na mai da lalacewa, ka rasa 2,400 kacal. Kashewa ta koma 55,000, shigowa 52,000. Idan ka mayar da kuɗin sawu biyun dare naira 1,000, za ka samu ƙarin 7,400, ka tashi da ribar kusan 4,400. Fashewar taya ɗaya za ta cinye ribar makonni.

Wannan ba laifin Abuja ba ne ko na direbobinmu, haka sana'ar take a ko'ina. A Landan akwai bas-bas ɗin dare masu lamba da ke farawa da harafin N, amma hukumar sufurin birnin ce ke tafiyar da tsarin, kuma kuɗin da fasinjoji ke biya ba ya ɗaukar nauyin bas-bas ɗin birnin sai an cika daga wata hanya. Ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na dare da suka fara a 2016, daren Juma'a da na Asabar kawai yake aiki. Su suna da hukumar da za ta cike giɓi, kai kuwa daga jarin hatsinka za a cike shi, kuma wannan ne abin da ba na so ya faru.

Hanyar da nake ganin harkar za ta tsaya da ƙafarta ita ce ka sayar da kujerun kafin motar ta tashi. Ka je wurin manajojin otal biyu ko uku, da kamfanin masu gadi, da wani asibiti mai zaman kansa, ka tambaye su ƙarfe nawa ma'aikatansu ke tashi, kuma ina suke kwana. Da yawa cikinsu suna biyan kuɗin motar dare ko suna barin ma'aikata su kwana a kan benci har gari ya waye. Ka yi musu tayin kujeru a kan kuɗin wata, a rubuce, a biya a farkon wata, ko an hau ko ba a hau ba. Idan wannan ya ɗaga sawun sha biyu daga mutum 12 zuwa 25, an ƙara 13,000, ribar dare ta kai kusan 17,400, a kwana 26 kuma ta haura naira 450,000. Wannan kuɗi ne mai kyau ga motar da ka riga ka mallaka. Ba zai biya bashin Kosta ta miliyoyin naira ba, musamman da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Ko ta tsarin murabaha ka bi a bankin Jaiz ko TAJ, wato bankin ya sayi motar ya sayar maka da riba ka riƙa biya sannu a hankali, biyan wata-wata yana nan, kuma ba ya jiran dare ya yi kasuwa.

Kwantiragin yana magance wani abu da ya fi kuɗi nauyi, wato tsoro. Kowa a Abuja ya san 'yan wan-cans, masu ɗaukar mutum kamar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Saboda su, mace mai tashi daga aiki ƙarfe 11 ta fi son ta biya ƙari ta hau motar da ta san direbanta da lambarta. Ashe abin da za ka sayar da dare aminci ne da cika lokaci, ba kujera kaɗai ba. Motar ta kasance da fentinta da lambarta a bayyane, fitilar ciki a kunne, wuraren tsayawa sanannu masu haske, ta tashi a kan lokaci ko ba ta cika ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya ga direban da ya saba jiran lodi, amma ranar da ya ajiye mutane minti 40 yana jiran cikon mutum biyar, ranar ya fara korar masu kwantiragi. Tsoron kuma ta ɓangare biyu ne, domin ɓarawo na iya shigowa a matsayin fasinja. Ka rage tsabar kuɗi a hannun yaron mota ta hanyar karɓar tiransifa, ka sa na'urar bin diddigin mota, kada kuma a tsaya wa kowa a inda ba tasha ba.

Kada ka bar direban rana ya zarce da aikin dare, ko da shi ya roƙa don ƙarin kuɗi. Titin Nyanya da ke cushe da rana yakan buɗe da dare, mota ta samu gudu, ga manyan motoci, ga gyangyaɗi. Rayukan mutum 30 ne a hannunsa. Ka ɗauki direba na biyu, ka tanadar masa wurin kwanciya daga ƙarfe 1 zuwa kiran sallar farko. Ka kuma sani cewa motar da ke aiki dare da rana ba ta da lokacin zuwa gareji, don haka ka ware mata yini guda kowane mako.

Batun takardu gajere ne amma kada ka tsallake shi. Mararaba jihar Nasarawa ce, Berger kuwa Babban Birnin Tarayya, hukumomi biyu ke nan. Tun 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga tsakiyar birni, shi ya sa Kostarka take da daraja a layin. Ka je ofishin jami'an duba motoci da reshen ƙungiyar direbobi na tasharku ka sanar da su lokutan da za ka yi aiki, ka kuma tabbatar inshorarka ta shafi fasinjoji. Mayar da injin zuwa iskar gas ta CNG zai rage kuɗin mai sosai, amma ka fara duba ko tashar da za ka sha tana buɗe a lokacin da kake buƙata, da tsawon layinta.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, ka tura yaro amintacce ya tsaya a Berger da AYA dare bakwai a jere, har da Asabar da Lahadi, ya rubuta yawan masu jiran motar Mararaba a kowane rabin awa. Idan ka samu sa hannun kujeru 15 a kwantiragi, ka gwada da motar da kake da ita na mako shida, sawu biyu da dare da ɗaya da asuba, da littafin lissafi dabam da na rana. Idan a mako na shida abin da ya rage bayan cire komai, har da kuɗin lalacewa, bai kai 10,000 a dare ba, ka riƙe sawun asuba kaɗai ka saki sauran. Ka aiko mini da littafin a lokacin, mu duba tare ko zancen mota ta biyu ya taso.